Tanti, Bokiti da Rami: Daminar Kwalara a Maiduguri

Sana'ata ta gado kafa rumfa ce. A Hausari aka haife ni, cikin Maiduguri, kuma tun ina saurayi nake bin yayana muna kai rumfunan haya da kujeru gidajen biki da suna da zaman makoki. Da rikicin Boko Haram ya yi tsanani taro ya ragu, sana'ar ta kwanta, sai muka koma neman aikin yini a wurin ƙungiyoyin agaji da suka cika garin. Duk wanda ya iya ɗaure igiya da buga turke ba ya rasa abin yi, domin mutanen da suka gudo daga Mafa da Dikwa da Marte da Bama sai an kafa musu wurin kwana. Ta wannan hanya na shiga aikin kwalara a daminar 2017.

A tsakiyar watan Agusta cutar ta ɓulla a sansanin Muna Garage, can bakin gari kan hanyar Mafa da Dikwa, cikin ƙaramar hukumar Jere. Mutum kimanin 20,000 ne ke zaune a wurin. Wanda ya san Muna da damina ba zai yi mamaki ba. Bukkoki ne na ciyawa da buhu da leda a manne da juna, ruwan sama in ya sauka ba shi da mafita, masai ya cika ya tumbatsa ya gauraya da ruwan da ke kwance a lunguna. Cikin wannan ruwa yara ke wasa, shi mata ke ratsawa ɗauke da jarkoki. Kwalara kuwa ba ta bin iska. Daga bayan gidan mai cutar da amansa take fita, ta bi ruwa ko abinci ko hannu ta shiga bakin wani. Saboda haka duk abin da aka kafa don jinyarta aiki biyu yake yi a lokaci guda: ceton wanda ya kwanta, da tsare abin da ke fita daga jikinsa kada ya koma cikin jama'a. Likitoci da nas-nas suka riƙe na farko. Na biyun shi ne namu, kuma shi nake so in ba da labari, domin ba a cika ba da shi ba.

Mu 'yan rumfa mun saba da isa mu kwance kaya mu ɗaga. A filin da aka ware don kafa wurin jinyar ba haka aka yi ba. Tantunan suna jibge cikin jakunkunansu, injiniyan da ke kula da ruwa da tsafta ya hana a taɓa su. Ya zagaye filin da ƙafa, yana zuba ruwa daga bokiti yana kallon inda zai gangara. Ya aika a tambayo rijiyar da ta fi kusa da wurin, da zurfin da ake kai wa kafin a tarar da ruwa a unguwar. Ƙa'idarsa ita ce ramin ƙazanta ya yi nisan aƙalla mita 30 daga duk inda ake ɗiban ruwa, gindinsa kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi a saman ruwan ƙasa. Sai da ya gama wannan ya ɗauko igiya da turaku ya zana wurin a ƙasa: ƙofar shiga a nan, ƙofar fita a can, ramuka a can ƙarshen gangara. Diga da shebur muka fara riƙewa. Muka haƙa magudana kewaye da gurbin kowane tanti, muka cika gurbin da ƙasa ya ɗan yi tudu, muka zuba tsakuwa a hanyoyi, muka kewaye filin duka da shingen leda mai tsayi.

Bayan haka aka ɗaga tantunan. Kowanne yana da faɗin murabba'in mita 45, ƙashinsa bututun ƙarfe ne da ake zura wani cikin wani, kuma yana ɗaukar gadon kwalara kamar goma. Abin da ya burge ni a matsayina na mai sana'ar shi ne dukkansu ƙira ɗaya ne. Bututun wannan yana shiga na wancan, bakin wannan yana haɗuwa da bakin wancan su zama dogon ɗaki guda. In aka so ɗakin mata ya ƙaru, sai a jona wani a bayansa. In aka so a raba yara da manya, sai a rataya labulen leda a tsakiya. Mutum shida da suka san aikin suna gama ɗaya kafin shayi ya huce a hannun mai gadi, in dai gurbin a shirye yake.

Jerin nasu ma da dalili. Tanti na farko wurin tantancewa ne. Daga nan wanda zai iya sha da bakinsa ya wuce tantin da ake ba da ruwan gishiri da sukari, ƙulli ɗaya a lita ɗaya. Wanda aka kawo ranga-ranga, ido ya faɗa, fata in an tsunkula ba ta komawa, ya wuce tantin ƙarin ruwa. Wanda ya farfaɗo ya koma tantin masu murmurewa, daga nan sai ƙofar fita. Ba a komawa baya. Ɗakin ajiya da wurin girki da wurin hutun ma'aikata suna ɓangare dabam da nasu shingen. A kowace mashiga akwai famfon wanke hannu da mutum riƙe da injin feshi yana fesa tafin takalmi. Babban likita ma in ya zo sai ya ɗaga ƙafa.

A ƙasan kowane tanti mun shimfiɗa tamfol mai kauri, muka naɗe gefensa sama muka ɗaure a jikin bututu, ta yadda duk abin da ya zube zai tsaya a kansa a kwashe, ba zai nutse a ƙasa ba. Gadon kuwa kafintocin gari ne suka yi mana: katako, a rufe da leda, da rami a tsakiya daidai mazaunin mutum. Bokiti ɗaya a ƙarƙashin ramin, ɗaya a wajen kai don amai. Wanda bai taɓa gani ba zai ce wulaƙanci ne a kwantar da dattijo a kan gado mai rami. Wanda ya ga cutar ya san rahama ce. Gudawar fara ce sol kamar ruwan da aka wanke shinkafa, tana zuba ba tare da mutum ya iya riƙe ta ba, kuma babban mutum kan iya zubar da abin da ya kai lita guda cikin awa ɗaya. Ba shi da ƙarfin tashi, balle zuwa masai. Mun dinga lulluɓe su da zane, muna jan labule, don a tsare musu abin da za a iya tsarewa na mutunci.

Da aka gama kafi, aka ce ana neman waɗanda za su zauna su yi aikin tsafta. Da yawa cikin abokan sana'ata suka karɓi kuɗinsu suka tafi, kuma ban ga laifinsu ba, kowa da iyali. Na zauna, aka ba ni kula da wani rukuni na masu kwasar bokiti.

Abu na farko da aka koya mana shi ne haɗa kulorin. Gari ne fari mai ƙarfi, yana zuwa a cikin duron roba, kuma haɗi uku ake yi da shi. Mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari, wato giram 30 a lita ɗaya, na bayan gida ne da amai da gawa. Mai kashi 0.2, giram 3 a lita, na wanke ƙasa ne da gadaje da takalman roba da rigunan leda. Mai kashi 0.05, babban cokali guda a jarkar lita 20, na wanke hannu ne. Yawancin mutanena ba su yi boko ba, don haka kowane haɗi aka ba shi tanki mai launi dabam, launin suke bi. Masu sauƙin guda biyu kullum ake zubarwa a sake sabo, domin rana da zafi suna kashe musu ƙarfi. Garin kansa yana da tasa rumfar a gefe, mai shan iska, nesa da janareta da man fetur, saboda in ya haɗu da mai yana iya kamawa da wuta. Yana cin ƙarfe, yana cin tufafi, yana tsattsage hannu. Har yau in na shiga wurin da aka wanke da shi sai ƙirjina ya tuna.

Aikin bokiti ba shi da wani sirri sai naci. Kafin a tura bokiti ƙarƙashin gado a zuba masa ɗan haɗin mai ƙarfi a gindi. Kada a bari ya cika, domin cikakken bokiti ba ya isa rami ba tare da ya fantsama ba. A ciro shi, a ƙara masa kulorin, a rufe, a ba shi ɗan lokaci, a ɗauka ta hanyar bayan tanti wadda masu abinci ba sa bi, a juye a rami, a wanke, a dawo. Dare da rana haka. Mutanen da suka yi wannan aiki galibi 'yan gudun hijira ne su ma, Barebari da Shuwa da Gamargu, maza a ɗakin maza, mata a ɗakin mata. Akwai wata mata daga Marte da ta zo jinyar 'yarta, yarinyar ta warke, ita kuma ta nemi a ɗauke ta aiki. Ba ta taɓa barin bokiti ya wuce rabi ba. In ta ga yaro matashi yana sauri da bokiti a hannu ɗaya, sai ta tare shi ta ce, "Kai yaro, abin da ke hannunka ya isa ya kwantar da unguwa. Riƙe da hannu biyu." A ganina, in ana lissafin waɗanda suka kashe wutar annobar nan, irin wannan mata suna sahun gaba, ko da yake su ne mafi ƙarancin albashi a cikin shingen, kuma wasunsu in sun koma sansani maƙwabta ba sa yarda su ci abinci kwano ɗaya da su.

Daren da ba na mantawa ya zo gab da Babbar Sallah, wadda a shekarar ta faɗo ranar 1 ga Satumba. Gadaje sun cika, har an shimfiɗa wa wasu leda a ƙasa. Bayan isha'i hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara, sannan ruwa ya kece. Tanti ba ya tsoron ruwan da ke sauka a kansa. Abin tsoro shi ne ruwan da ke tafiya a ƙasa. Cikin ɗan lokaci magudanan da muka haƙa suka cika, yashi ya toshe wadda ke bi ta gefen ramin ƙazanta, ruwa ya fara taruwa yana matsowa bakin ramin. In ya shiga ya cika shi, abin da muka kwashe makonni muna tarawa zai taso ya bi gangara ya fita ƙarƙashin shinge, kuma a bayan shingen gidajen mutane ne da hanyar da masu moya, wato masu sayar da ruwa, ke turo kurarsu da asuba.

Injiniyan ya fito ba ko rigar ruwa. Ya ce a bar masu bokiti rabi a ciki, sauran kowa ya ɗauki shebur. Da fitilar goshi muka yi aikin. Wasu suna yashe magudanar, wasu suna cika buhuna da yashi muna jerawa kewaye da bakin ramin, wasu sun rungume bututun tantin yara saboda iska ta tumɓuke turaku biyu, ƙasa ta jiƙe ba ta riƙe su. A ciki nas-nas suna riƙe da ledojin ƙarin ruwa da hannu don igiyar da aka rataye su tana lilo. Wani dattijo mai jinyar matarsa ya fito ya karɓi shebur daga hannun wani yaro da ya gaji, na ce, "Baba, koma ciki, za ka jiƙe." Ya ce, "Ɗana, manomi ne ni. Na san inda ruwa ke so ya bi." Shi ya nuna mana inda za mu yanka sabuwar hanya, muka karkatar da ruwan saman zuwa wani kwari da ba kowa. Wajen ƙarfe uku ruwan ya tsagaita, bakin ramin yana nan a bushe a bayan buhunan. Washegari aka kafa wa kowane rami tasa rumfar, aka ɗaga bakinsa da bulo, aka sauya gajerun turaku da dogayen ƙarfuna.

Sharar da ba ta ruwa ba tana da nata shingen a can kusurwa, da ƙofa mai kwaɗo. Babban mutum da cutar ta kayar yakan sha ƙarin ruwa lita takwas zuwa goma kafin ya miƙe, to a lissafa ledoji da robobin da ke fita daga tanti guda a yini. Waɗannan da auduga da safar hannu ana ƙona su a cikin duron ƙarfe da aka huda aka sa masa bututun hayaƙi, tokar kuma a zuba a raminta. Allurai ba a ƙona su a nan. Akwatinsu dabam, raminsu dabam, an gina shi da siminti an bar bututu guda a sama wanda hannu ba ya shiga. Ragowar abinci ma ba ya fita. Wannan ya jawo mana rigima ranar Sallah, da dangi suka yi ta zuwa da kwanukan nama da tuwo, suna so su shiga su gaisa su koma da kwanukansu. Doka ita ce mai jinya ɗaya ga kowane majiyyaci. Muka buɗe wata taga a jikin shingen inda za a hango juna a yi magana daga nesa, kwano kuma in ya shiga ba ya fita sai an wanke shi da kulorin. Wasu sun zage mu, wasu sun yi kuka, amma ba wanda ya tsallaka.

Akwai ƙaramin tanti guda a can baya, da tasa ƙofar ta fita. Na gawa ne. Gawar mai kwalara tana ci gaba da zubar da ruwa, kuma sanannen abu ne cewa cutar takan bazu a gidan rasuwa, daga hannun masu wanka zuwa abincin masu zaman makoki. Don haka a nan ake shirya mamaci, a wanke shi da haɗin mai ƙarfi, a sa shi a jakar leda. Wannan jaka ita ta fi komai tayar da hankalin mutane. Wani tsoho daga wajen Mafa, da ɗansa ya cika jim kaɗan bayan an kawo shi, ya tsaya a ƙofar tantin ya ce, "'Ya'yana biyu sun mutu a daji, ban ga gawarsu ba. Wannan da Allah ya bar mini, ba zai shiga ƙasa babu wanka ba." Na ce, "Baba, za a yi masa wanka, kuma a gabanka." A cikin ma'aikatanmu akwai almajirin malamai da ya san hukuncin wankan gawa. Muka sa wa tsohon rigar leda da takalmi da safar hannu, ya shiga, aka yi wa ɗansa wanka yadda addini ya tanada, aka bi da kulorin, aka sa likkafani, sannan jakar a waje. Aka yi masa salla a filin bayan tantin, sahu biyu, yawanci mu ma'aikata ne. Tun daga ranar duk wanda ya rasu haka aka yi masa, mata kuma mata suka wanke su, gardamar jaka ta ragu ƙwarai.

Cutar ba ta tsaya a Muna ba. Ta shiga wasu unguwannin Maiduguri, ta ɓulla a Dikwa da Monguno. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiya a unguwar Dala, wasu ƙungiyoyin da ma'aikatar lafiya ta jiha suka buɗe nasu. A makonnin da abin ya yi ƙamari mukan jona sabon tanti da dare, kafin gari ya waye ya cika. A nan na ga abin da ginin bulo ba zai iya ba. Annoba kumbura take ta sace, ɗakin asibiti kuwa girmansa ɗaya. Ga shi masansa na kowa ne, masu dubiya suna shiga suna fita, kwatarsa tana zuba a lambatun titi. Amma ba zan yi wa tanti yabon da bai kai ba. Da ruwa ya ɗauke a Oktoba, cikinsa da rana ya zama azaba. In an ɗage gefe don iska, ƙuda su shigo, in an sauke, mara lafiyar da ake fama a mayar wa ruwa ya dinga zufa. Sai da muka shimfiɗa ragar inuwa a sama aka sami sauƙi. Kuma tanti shi kaɗai ba ya tsare komai. In babu magudana da rami da mai ɗaukar bokiti da hannu biyu, tara cutar kawai aka yi a wuri guda.

A cikin Satumba aka kawo rigakafin kwalara na ɗigawa a baki, fiye da 900,000, karo na farko da aka yi irinsa a Najeriya. Aka bi sansanoni da unguwanni, aka zuba kulorin a wuraren ɗiban ruwa, aka yashe masai. Sannu a hankali gadaje suka fara zama babu kowa. A watan Disamba gwamnatin Borno ta bayyana cewa annobar ta ƙare, bayan ta kama mutum fiye da 5,000 ta kashe 61. Alhali cuta ce da in ta yi tsanani aka bar ta ba magani tana iya kashe rabin waɗanda ta kayar.

Kwance wurin ya fi kafa shi cin lokaci. Kowane tanti sai an fesa shi ciki da waje, an wanke, an shanya ya bushe sarai kafin a naɗe, in ba haka ba ya ruɓe a jaka. Bututun da kulorin ya ci aka ware su. Tamfol ɗin ƙasa da ledojin gadaje aka ce a ƙona. Mata daga sansanin suka taru a bakin shinge suna roƙo a ba su, domin rufin bukkokinsu ya yayyage ga sanyi ya shigo. Wannan ya tsaya mini a rai. Na kai maganarsu, aka ba su ledar shingen waje bayan an wanke ta, amma ta ƙasan gadaje ba a bayar ba, kuma ni ma da hannuna na sa ta a wuta.

Abin da suka fi roƙo ma ba leda ba ce. Ruwa ne. A ƙa'idar wurin kowane majiyyaci ana yi masa tanadin lita 60 a yini, tanka tana kawowa a juye a manyan tankunan roba, ana gwada shi da wata ƙwaya da ke sauya masa launi in kulorin ya isa. Watanni huɗu, wurin da ya fi ko'ina tsabtataccen ruwa da masai mai kyau a duk yankin shi ne inda ake kai mutum in ya kusa mutuwa. Ga shi muna naɗe shi muna lodawa a mota, sansanin da ya haifar da cutar kuma yana nan yadda yake. Ban yarda cewa haka ya kamata a yi ta yi ba. A daminar 2018 kwalara ta dawo Borno, ta kuma dawo bayan ambaliyar madatsar Alau ta Satumbar 2024.

Ramukan muka bari a ƙarshe. Na ƙazanta muka cike su da ƙasa muka daddaɓe, muka yi musu tudu saboda za su zauna. Na allurai aka cire bututun aka zuba masa kankare ya rufe ruf. Injiniyan ya ce a kira Bulaman unguwar. Da ya zo na zagaya da shi ina nuna masa. Na ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan na ƙazanta ne, ƙwayar cutar ba ta daɗewa a cikinsu, amma kada a yi gini a kai sai ƙasa ta zauna, kada kuma a haƙa rijiya kusa. Wannan mai kankaren kuwa allurai ne, ko bayan shekara nawa kada a fasa shi." Ya taka kankaren da ƙafa, ya tambayi zurfinsa, na faɗa masa. Sai ya aika aka kira masu filayen da ke maƙwabtaka da wurin, ya sa na maimaita musu a gabansa, da Hausa, wani kuma ya juya musu da Barbarci.